Kafin Guduma Ta Sauka Kan Tsohuwar Talabijin

A shekarar 2015, wata mata a jihar Kalifoniya ta Amurka ta shiga share ɗakin ajiyar mijinta bayan rasuwarsa. Ta tattara tarkacen kayan lantarki cikin kwalaye, ta kai wa wani kamfanin sarrafa bola a garin Milpitas, ta juya ta yi tafiyarta ko suna ba ta bari ba. Sai bayan kwanaki ma'aikata suka buɗe kwali suka yi kiciɓis da kwamfuta samfurin Apple-1, ɗaya daga cikin kimanin 200 da Steve Wozniak da Steve Jobs suka haɗa a 1976. Kamfanin ya sayar da ita dala 200,000, sannan ya shiga cigiyar matar don ya ba ta rabin kuɗin.

Irin wannan labari ba ya wuyar isowa ƙasar Zazzau yanzu da waya ke hannun kowa. Da zarar ya faɗo majalisar mai shayi a Ikara, ko tashar mota a Makarfi, ko rumfar masu ɗaurin tumatir a Hunƙuyi, sai ka ga kowa ya tuna da akwatin talabijin ɗin mahaifinsa da ke jibge a sito, ƙura ta rufe, kaji na ƙwai a bayansa. Daga nan mutane kan rabu biyu. Wasu su ɗauka miliyoyi ne kwance a gidansu, su shiga neman wanda zai kai su ga Bature. Wasu kuwa, waɗanda suka fi yawa, su ce tarkace ne, da ɗan jari bola ya ratso da kurarsa a miƙa masa a karɓi na cefane. Duka ɓangarorin biyu asara suke tafkawa, domin babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke sa tsohon kaya daraja, da kuma wurin wa yake da darajar.

A kasuwar masu tara tsofaffin na'urori, tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi. Abu na farko da ake dubawa shi ne ƙaranci. Apple-1 da aka sayar dala 666.66 tana sabuwa, gidan tarihi na Henry Ford ya sayi guda a gwanjon kamfanin Bonhams a birnin New York kan dala 905,000 a watan Oktoban 2014, saboda kaɗan aka yi, kaɗan suka rage, wannan kuma tana aiki. Ita kuwa Commodore 64 ta 1982, wadda ta yi tashe a gidajen Turawa, an sayar da ita fiye da miliyan goma, don haka har gobe kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Haka abin yake a wajen talabijin. Gidan BBC ya fara watsa shirye-shiryen talabijin a kai a kai ranar 2 ga Nuwamba 1936, lokacin da masu akwatin a Landan 'yan tsiraru ne, yaƙin duniya na biyu kuma ya zo ya dakatar da komai. Wata talabijin ƙirar Marconi ta 1936, wadda aka saya a kan kusan fam 100, ta kai fam 16,800 a gwanjo a Landan cikin 2011. Bayan ƙaranci sai lafiyar kaya: a same shi yadda ya fito daga masana'anta, ba a yi masa fenti ba, ba a sauya masa kayan ciki ba. Wayar iPhone ta farko ta 2007, wadda ba a taɓa ɓare ledarta ba, ta haura dala 190,000 a 2023, alhali 'yar'uwarta da ta sha hannu ba ta kai ko kusa ba. Sai na ƙarshe, asali: wa ya saya, a ina, ina rasit, ina hoto, ina shaida.

Idan aka auna kayan da ke gidajen garuruwanmu irin su Kurmin Kogi da wannan ma'auni, gaskiya ɗaya ce, kuma gara a faɗe ta tun da wuri. National da Sanyo da Philips da Sharp da iyayenmu suka sayo daga Sabon Garin Zariya ko Kano, ko alhazai suka ɗauro daga Jidda, an ƙera irinsu miliyoyi a Japan da Turai. Babu wani attajirin Amurka da ke jiran su da dala dubu ɗari. Ko da akwai mai so a waje, kuɗin ɗaukar akwati mai nauyin buhun masara zuwa can ya ninka abin da za a biya.

Wannan ne ya sa duk wanda ya zo ƙofar gida yana raɗa cewa akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsohuwar talabijin ko rediyo ya kamata a yi masa kallon tsanaki. Tatsuniyar jan makuri ta daɗe tana zagaya duniya. A 2009 ta kunno kai a Saudiyya, aka ce yana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta sayen keke da kuɗin da ya kai na mota, har aka riƙa fasa shagunan teloli. Babu wanda ya taɓa fito da sinadarin ya nuna, domin babu shi. Abin da ke faruwa kullum iri ɗaya ne: a ce wa mai kaya ya ba da kuɗin gwaji, ko kuɗin motar zuwa wurin mai saye, daga nan lambar waya ta daina shiga. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

To, idan ba dala a ciki, me ya sa za a hana mutum rabuwa da abin da ya cika masa ɗaki?

Saboda waɗannan akwatuna su ne shaidar yadda duniya ta shigo ƙauyukanmu, kuma babu wanda ya rubuta wannan tarihi. An san cewa tashar talabijin ta farko a Najeriya ta buɗe a Ibadan ranar 31 ga Oktoba 1959. An san gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Arewa a Kaduna a 1962, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila. An san tashar Binuwai da Filato da ke Jos ce ta fara watsa hoto mai kala a 1975, kuma a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970 shi ya cika gidajen malaman makaranta da akawuna da rediyo da talabijin da babur. Duk wannan yana cikin littattafai. Amma a tambayi ɗalibin sakandare a Kurmin Kogi, ko Paki, ko Auchan, gidan wa aka fara kunna talabijin a garinsu, a wace shekara, da me aka kunna ta, zai yi shiru. Dattawan da suka sani suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kuma labari ne mai daɗin ji. A garuruwan da wutar NEPA ba ta kai ba, da batirin mota ake kallo. Yaro ya ɗora batir a bayan keke ya kai caji gari, ya dawo kafin magariba. A sa dogon gora a ɗaure eriya a kansa, a kafa jikin katanga, wani ya tsaya waje yana murza goran, na ciki suna ihu, "Ya yi! A'a, koma baya kaɗan!" Bayan sallar isha'i a fito da akwatin ƙofar gida a ɗora kan tebur, a zuge 'yan ƙofofinsa na katako, yara su zube a ƙasa, manya a kan benci, mata kuma su leƙo ta zaure ko su jira ranar da za a shigar musu da ita cikin gida. Idan batir ya fara sanyi sai hoton ya riƙa tsukewa daga sama da ƙasa har ya koma ɗan zare. A irin wannan akwati mai baƙi da fari mutanen karkara suka ga Usman Baba Pategi yana Samanja, suka ga Ƙasimu Yero ɗan Zariya a Karambana, suka ga Karkuzu daga Jos. A nan wasu suka kalli Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema ta ɗauki kofin Afirka a Legas a watan Maris na 1980. A nan da yawa suka fara ganin ɗawafi a Ka'aba yana motsi, ba a hoton kalanda ba. Gidan da ke da talabijin a wancan zamani ya zama dandali, ya zama wurin sasanta rigima da ƙulla ta, kuma sau da yawa shi ne gidan da ɗan siyasa ke fara sauka idan ya shigo gari. Wanda duk zai rubuta tarihin siyasar Ikara a jamhuriya ta biyu bai gama ba sai ya san gidajen nan.

Yanzu a dubi inda akwatunan ke ƙarewa. Ɗan jari bola ba mugu ba ne, neman halaliyarsa yake yi, kuma sana'arsa tana rage datti a gari. Amma shi abin da ya sani kilo ne. Yana samun talabijin sai ya kifa ta, ya kwance bayanta, ya sa guduma ya fasa wuyan gilashin don ya zare naɗin jar wayar da ke kewaye da shi. Ya ɓalle falankin da ke ɗauke da ƙananan kayan wuta ya jefa buhu. Wayoyin da ke da roba a jiki ya tara su ya cinna musu wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ya tsince jan ƙarfen a cikin toka. Katakon ya zama makamashi. Gilashin kuwa, wanda shi ne mafi nauyi, ba mai saye, sai a watsar da shi bayan gari ko bakin rafi. Minti kaɗan aikin ke ɗauka, abin da aka samu kuma ɗan kaɗan ne.

Wannan gilashi yana ɗauke da dalma, a manyan akwatuna ma takan haura kilo guda, an zuba ta ne don ta tare tururin da ke fita daga cikin bututun. Muddin yana rufe ba ya cutarwa. Idan aka farfasa shi aka bar shi ruwa na duka rana na duka, dalmar na iya tsiyaya cikin ƙasa sannu a hankali. Arewa ta riga ta ga abin da dalma ke yi wa yara: a Zamfara cikin 2010, gubar da ta fito daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. Na talabijin bai kai wannan yawa ba, amma guba ɗaya ce, kuma babu ɗan adadin da likitoci suka ce ba ya illa ga ƙwaƙwalwar yaro. Yankin da ke rayuwa da fadama, inda tumatir da rake da albasa ke shan ruwan rafi, bai kamata ya yi wasa da wannan ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tarkacen lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Wani bincike a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu duk shekara, kusan rubu'insu matattu tun daga can. Muna karɓar bolar wasu, muna fasa tarihinmu muna ƙarawa a kai.

Wanda yake shakkar cewa akwai abin daraja a ɗakunan ajiyar Arewa, ya tuna abin da ya faru a Jos. A 2013 BBC ta ba da sanarwar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen fim na shirin Doctor Who a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos. Tara daga cikinsu sassa ne na 1967 da 1968 waɗanda ita kanta BBC ta goge nata kwafin tun da daɗewa, ta fid da rai. Shekaru kusan arba'in suna kan kanta ba wanda ya kula. Aka kwashe su zuwa Ingila, aka gyara, aka sa a kasuwa, masoya shirin suka yi ta rububi. Haka fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa: an daɗe ana cewa ya ɓata, sai a 2016 aka tsinto shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

A duka biyun, na waje ne suka san darajar abin, ko suka kawo kuɗin ceto shi. Wannan abin takaici ne ƙwarai, musamman ga al'ummar da fatakenta suka shahara a cinikin kayan tarihi daga kasuwar Kurmi har Abijan. Bahaushe ya iya gane tsohon sassaƙe na wata ƙabila ya kai wa Bature, amma tasoshin tagulla na jeren kakarsa da gadonta mai rumfa ya bari 'yan gwangwan suka auna a sikeli. Yau masu shirya bikin gargajiya da masu fim ɗin tarihi suna yawon neman waɗannan kaya da kuɗi a hannu, ba su samu.

Darasin Jos ya nuna wani abu kuma: sau da yawa abin da ke tare da na'ura ya fi na'urar daraja. A gidajen Makarfi da Kudan akwai kaset-kaset na rediyo da na bidiyo da aka naɗi tafsirin malaman gari, da naɗin sarauta, da hawan salla, da taron siyasa, da bikin aure inda makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya suka yi wasa. Wasu ba su da kwafi na biyu a duk duniya. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, kuma na'urar da za ta kunna shi ita ma tana ƙarewa. Kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyo mai kaset, Funai na Japan, ya daina a 2016. Duk bidiyon da aka fasa yau, an rage hanyar kallon abin da aka naɗa jiya.

Batun kwamfuta ya fi sauƙi, don tarihinta a karkara gajere ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, kuma a can ne ya dace a nemi manyan injinan farko. A ƙauyuka kuwa, mutane da yawa sun fara zama gaban kwamfuta ne lokacin rajistar masu zaɓe ta 2011, da hukumar zaɓe ta rarraba na'urori 132,000, aka ɗauki hoto da zanen yatsa a gindin bishiya. Wasu daga cikin na'urorin na kamfanin Zinox ne na Najeriya, wanda ya fito a 2001 da kwamfuta mai alamar naira a madannanta. Irin wannan, da tafiretar da ke da ƙ da ɗ da ɓ, da kwamfutar farko da sakatariyar ƙaramar hukuma ta saya, su ne kayan da babu gidan tarihin Turai da zai adana mana. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta fi mayar da hankali kan abubuwan da aka yi kafin 1918, saboda haka babu wata hukuma da aka ɗora wa alhakin waɗannan. In ba mu tsince su ba, sun tafi.

Abin da ake bukata bai kai gina katafaren gini ba. Ɗaki guda ya isa, a sakatariyar Ikara, ko ɗakin karatu na wata makarantar sakandare, ko fadar hakimi. A samu malamin tarihi ɗaya da tsohon mai gyaran rediyo ɗaya, irin waɗanda suka koyi aiki tun zamanin bawul, a ba su littafi. Duk wanda ya kawo kaya a rubuta sunan mai shi na asali, da shekarar saye, da inda aka sayo, da kuɗin da aka biya, da abin da aka kalla a ciki, a manna takardar a jiki. Kayan ya ci gaba da zama mallakar iyalin, aro kawai suka bayar. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna don adana tarihin Arewa, da sashen koyar da aikin jarida na jami'ar Zariya, suna da masanan da za su iya nuna yadda ake juye kaset zuwa kwamfuta. Masu shirya finafinan Hausa da ke neman kayan shekarun 1970 za su yi haya, kuɗin ya sayi maganin gara. Shugaban ƙaramar hukumar da ya fara wannan ba zai kashe kuɗin kwalbati guda ba.

Kafin hukuma ta motsa, magada su ne masu yanke hukunci, domin yawanci ranar rabon gado ake fitar da irin wannan kaya tsakar gida a rasa mai so. Wanda ya gaji tsohuwar talabijin ko kwamfuta kada ya yi gaggawar jona ta da wuta don ya ga ko tana yi. Kayan cikinta sun bushe, tana iya ƙonewa nan take, kuma bututun yakan riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an kashe. Kada a yi mata fenti, kada a cire tambarinta. A ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da laimar damina, a rufe da tsumma, a haɗa ta da rasit da littafinta da duk hoton da aka ɗauka kusa da ita. Kaset kuma a sa a inuwa, nesa da rufin kwano. Sannan a je wurin dattijo ko dattijuwar da ta rage a gidan, a kunna rikodar waya, a ce, "Baba, ba mu labarin ranar da aka kawo akwatin nan." A yi wannan a makon nan, tun masu ba da labarin suna raye.